Hannun Da Yaya Isaka Ya Ƙi Kallo

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko ina raye. Ina raye. Yayana Isaka ne ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma abin da na ji a wurin zaman makoki ne ya hana ni yin shiru.

Wani dattijo ya ce, "Isaka ya ji daɗin duniya sosai paa. Bai taɓa kwana asibiti ba, bai taɓa shiga damuwan kowa ba."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na taɓe baki.

Ƙarshen 1969 ne, ina 'yar shekara goma sha tara, aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Ghana. Ni da Yaya mun samu takarda, babanmu bai samu ba. Ranar da tsoho ya hau mota, Yaya bai je tasha ba. Wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ni na raka shi, na share hawaye, na koma bakin kaskona, don ƙosai nake toyawa a unguwar Alabar, cikin Kumasi.

Bayan kwana uku, masu tafiya suka yi turereniya da kaya, wani ya bangaje kaskon. Tafasasshen mai ya wanke min hannun dama, daga wuyan hannu har yatsu.

Sati biyar na yi a babban asibiti. Kowace safiya a jiƙa bandeji da ruwan gishiri, a ɓamɓare shi daga nama. Daga baya suka yanko fata a cinyata suka lulluɓe wurin. Warin hannun kaɗai ya hana ni cin abinci. 'Yan kunnena na zinariya ma a jinyar suka tafi.

Likita ya ce, "Ciwon zai warke. Yatsun ne abin ji. In ba a miƙar da su kullum ba, za su dunƙule, kuma shi ke nan."

Kun san Kumasi. Wa zai karɓi ƙosai daga hannun hagu? Abin da nake tsoro ke nan, ba mutuwa ba.

Mai miƙar da yatsun wata nas ce, 'yar ƙabilar Asante, gajera, Hausarta a karye. Maame muke ce mata, wato mama da yarensu. Sai ta danne hannuna a kan tebur ta ce, "Memuna, ka yi kuka, ba komai. Amma hannu za shi buɗe."

Na tsani matar nan kamar me.

Yaya Isaka sau ɗaya ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar rigarsa, ya ƙura wa takalminsa ido, ya ce sannu, ya ajiye lemu ya fita. Namiji guda.

Da aka sallame ni, aka ce in riƙa zuwa wurin Maame sau uku a sati. In na dawo gida ina nishi, sai Yaya ya ce, "Memuna, ki bar zuwa wurin matan nan. Mugunta ne kawai. Ki lallaɓa, Allah za shi buɗe."

Ya sayo min ƙwayar kashe zafi da wani ɗan ƙyalle mai furanni, wai in riƙa naɗe hannun saboda ƙuda. Ba ƙuda ba ne. Idonsa yake karewa.

Ni ma fa ban wanke kaina ba. Maganarsa ta yi min daɗi. Sati uku na kwanta ina shan ƙwaya, babu zafi, babu kuka, ina ganin na yi dabara. Sakarya.

Sai na ce bari in gwada sana'a. Mace ta farko da na miƙa wa ƙosai da hagu ta dubi hannun, ta dube ni, ta ajiye ƙunshin a kan tire ta wuce. Ko zagi ba ta yi ba. Na kwance ƙyallen a wurin, na ga hannuna ya dunƙule kamar ƙafar kaza.

Washegari ina gaban Maame. Ta jujjuya hannun ta ce, "Uku za mu samu. Biyu ya tafi."

Wata huɗu tana lanƙwasa ni ina ihu. Babban yatsa, manuni da na tsakiya suka buɗe. Sauran biyun har yau suna kwance a tafina. Da ukun nan na riƙe matsami shekara arba'in, na yi wa 'ya'ya shida wanka, na damƙi igiyar jaka har Makka.

Shi kuwa mai jin daɗin duniya, matarsa ta kwanta ciwo ya mayar da ita gidansu, bai sake aure ba. Wasiƙar rasuwar babanmu ta zo, ya ce in karanta a waje. Ba ya zuwa jana'iza, ba ya zuwa dubiya. Har ya kai shekara tamanin da ɗoriya yana zaune a benci ɗaya a unguwar Aboabo, rigarsa fes. In wannan ne jin daɗi, na yafe.

Na gode wa Allah. Na gode wa Maame, wadda ban taɓa tambayar sunanta ba, don lokacin haushinta nake ji.

Wanda ya ƙone, a zuba ruwan sanyi a tafi asibiti. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki. In an ce ku dawo a motsa gaɓa, ku koma ko kuna kuka. Mai ce muku ku lallaɓa, ku lura da kyau, wataƙila kansa yake tausayi.

Watan da Yaya zai rasu ya kasa ɗaga cokali, babu kowa sai ni. Ina ba shi koko, idonsa ya faɗa kan yatsuna. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Memuna, ashe haka hannun ya zama?"

Na ce, "Tun 1970, Yaya. Buɗe baki."