Zaren da Ya Cinye a Fijon Alhaji Bawa

A layin kanikawa da ke bayan Ƙofar Rini, in ka ce kana neman Mode sai a tambaye ka wanne, domin masu sunan sun kai huɗu. Amma in ka ce Mode mai Fijo, ko mai tallan ruwan sanyi zai nuna maka gindin dogon yaron da ke can ƙarshe, inda wani dattijo siriri yake zaune a kan tsohuwar kujerar mota, akwatin sifanoninsa a gabansa. Shekararsa sittin da takwas, kuma arba'in da tara daga ciki a ƙarƙashin motocin mutane ya yi su. Kullum da safe keke-napep ne ke kawo shi daga Runjin Sambo, don shi bai taɓa mallakar mota ba.

Ba shi ne ya fi kowa sanin inji a layin ba, bai ma taɓa cewa shi ne ba. Abin da ya yi suna a kai ɗaurin kusa ne. Kowace kusar mota tana da zare a jikinta, ramin da take shiga shi ma yana da nasa. In ɗauri bai kai ba, kusa ta kwance a hanya. In ya wuce kima, zaren ya cinye, ta yi ta juyawa a banza ba ta kama komai. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, kuma hannun Mode ya san shi. Yakan ce ƙarfen ne da kansa yake gaya masa ya isa.

Sauran kanikawa ba su da wannan haƙurin. Sukan zura dogon bututu a wutsiyar sifana, su danna da iya ƙarfinsu, wani har ya hau da ƙafa. Mode ya raɗa musu suna 'yan bututu, sarautarsu kuma ya naɗa wa Jelani, ƙaton bakaniken da rumfarsa ke manne da tasa. Shekara ashirin yana tsokanarsa da wannan, har sunan ya bi shi. Jelani dariya kawai yake yi. Da azahar kuma tare suke shan fura a kwano ɗaya.

Motar da ta ba Mode laƙabinsa Fijo ce ƙirar 404, fara, wadda Alhaji Bawa mai yadi na Ƙofar Dundaye ya saya sabuwa a 1976. Tun Alhaji yana da rai ba a yarda wani ya sa mata sifana ba sai Mode. Da ya rasu, ɗansa Lawali ya gaje ta, ya gaji dokar. Yana da motoci biyu na zamani, amma ranar Juma'a da wannan yake zuwa masallaci, yana tafiya a hankali, tsofaffi suna ɗaga mata hannu kamar mai ita ne a ciki.

Bara ne hannun Mode ya fara mutuwa. Matarsa Sadiyatu ce ta fara ganewa, ranar da ya ɗauke murfin tukunya daga kan wuta ya ajiye bai ce uffan ba. Ita ta nuna masa ƙunar a yatsunsa. A asibiti aka ce ciwon suga ne, aka ba shi magani, aka hana shi abubuwa da yawa. Ya sha maganin, ya rage fura. A layi kuwa bai gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka Lawali ya samo sababbin shokabzoba na baya, waɗannan ƙarafan da ke shanye wa mota gargadar hanya. Mode ya shiga ƙarƙashi ya ɗaura su. Da ya zo kan kusar ƙasa ta hagu, wadda ke shiga ramin da ke jikin ƙarfen ƙafar baya, sai ya ja sifana yana jiran ƙarfe ya ce ya isa. Shiru. Ya ƙara ja. Ya sake ƙarawa. A ja na ƙarshe ya ga sifanar ta ɗan tafi da sauƙi, da ido ya gani, ba da hannu ya ji ba. Ya kwanta yana kallon kusar na ɗan lokaci, sannan ya ce wa kansa ba komai, ya fito ya wanke hannu.

Bayan mako guda ya tafi Gwadabawa ta'aziyya. A kwana biyun da ba ya nan, salansar motar ta saki, Lawali kuma yana sauri, sai ya bari Jelani ya ɗaure masa ita. Aikin minti goma ne.

Mako biyu da yin haka sai ga Fijo ta shigo layi tana ƙwanƙwasa daga baya.

"Baba Mode, wagga mota ta hwara wani ƙara," in ji Lawali. "Ko ɗan rami nit taka sai in ji kamar ana bugun ƙohwa."

Mode ya sa jak ya ɗaga motar, ya shiga ƙarƙashi. Yana taɓa kusar ta juya da kanta. Da ya zaro ta, zaren ramin ya biyo ta, ya nannaɗe a jikinta kamar siririyar waya. Ya miƙa wa Lawali ita. Lawali ba bakanike ba ne, amma a gaban Mode ya girma, ya san abin da ke cinye zare.

"Bututu na!" ya ce da ƙarfi, ya juya wajen rumfar maƙwabci. "Jelani! Salansa nic ce ka ɗaure min, mi ya kai ka ga ƙahwar baya? Motar tsohona za ka kashe min?"

Jelani ya taso yana goge hannu. "Wallahi Alhaji, salansa kaɗai nit taɓa. Ko kallon wagga kusa ban yi ba."

Mutane sun taru. Babu wanda ya yarda da Jelani, kuma da wace hujja za su yarda? Ga mai hannu, ga sarkin 'yan bututu, kuma Mode ne da bakinsa ya share shekara ashirin yana koya wa layin bambancinsu. Jelani ya dube shi yana jiran ya sa baki. Mode ya sunkuyar da kai yana juya kusar a tafin hannunsa. Tsoro ne ya kama shi. In ya ce shi ne, hannun da yake ci da shi ya tashi daga aiki a idon kowa. In ya yi shiru, Jelani zai ɗauki laifin da bai yi ba. Ya yi shiru.

Mai walda ya leƙo ya ce a liƙe kusar da wuta a huta. Mode ya ƙi, don in an liƙe, ranar da shokabzoba ta sake mutuwa sai an yanke ƙarfen motar. Ya auna ramin, ya je wurin Siddiƙu mai sassaƙar ƙarfe da inji, aka fitar masa da wani ɗan guntun ƙarfe mai rami a tsakiya, da zare ciki da waje. Dabarar ita ce a faɗaɗa tsohon ramin, a yanka masa sabon zare, a murɗa guntun a ciki ya zauna daram, sannan kusar asali ta shiga cikinsa kamar ba abin da ya faru.

Kwana biyu ya yi a kai. Ya huda a hankali don kada ramin ya karkace. Ya sa ƙarfen yankan zare, rabin juyi gaba, kwata baya, ɗigon mai, yana ƙirgawa da baki tunda hannu ba ya ba shi labari. Wannan aikin ido da ƙirga suna iya yinsa. Daga inda yake kwance yana hango ƙafafun mutane, ya kuma ga direbobi biyu sun zo sun ɗauke motocinsu daga rumfar Jelani. Da azahar Jelani ya sayi furarsa ya koma bayan rumfa ya sha shi kaɗai. Kunya ta hana Mode cin komai ranar.

Ranar Alhamis da hantsi Lawali ya zo karɓar mota, don gobe Juma'a. Saura ɗaurin ƙarshe. Mode ya murɗa kusar da yatsu har ta zauna, ya ɗauko sifana mai lamba goma sha tara, ya ɗora a kanta, ya fara ja. Ƙarfen bai ce masa komai ba. Ya saki sifanar, ya jawo jikinsa waje ya zauna a ƙasa.

"Jelani, taho."

Jelani ya zo ya tsaya nesa kaɗan, fuska a ɗaure.

"Lawali, ba Jelani na ba," in ji Mode, da muryar da rumfa uku za su ji. "Ni nic cinye zaren nan, tun ran da nis sa shokabzoba. Hannuna ya bar jin ƙarhe tun bara, ban hwaɗa ma kowa ba. Ka ba shi haƙuri. Ni ma ina ba shi."

Lawali ya juya ya dubi Jelani. 

Mode ya miƙa wa Jelani sifanar. "Shiga ka ɗaure. Kak ka sa bututu."

Jelani ya karɓa. Ya kwanta da ƙyar, don ƙarƙashin Fijo ba a yi shi don mai jiki irin nasa ba. Mode ya durƙusa a gefen taya ya leƙa, yana kallon damtsen Jelani yana ja sannu a hankali, har ya tsaya. A shekara arba'in da tara bai taɓa yi wa wani mahaluki wannan tambayar ba.

"Ya isa?"

"Ya isa, Malam Mode," in ji Jelani daga ƙarƙashin motar.