Haƙorin Ƙanwata a Kofin Madara

Ƙanwata tana da wushirya, da haƙora farare jere kamar an gwada su da zare. Ni kuwa nawa sun hau juna tun ina yarinya, shi ya sa ba na dariya sai hannuna na kan baki. A cocinmu na Narayi ita ake sa wa a layin gaba na mawaƙa, ni a baya, alhali kowa ya san muryata ta fi tata. Ina jin haushin wannan har cikin raina, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

A lokacin ina aikin rubuta kati a wani ƙaramin asibitin haƙori. Ba nas ba ce ni, amma kunne ba ya hutu. Na sha jin likita yana faɗa wa mutane cewa idan haƙorin babba ya fita da saiwarsa, kada a goge shi, kada a bari ya bushe. A riƙe shi ta kai, a tsoma a madara, a zo nan take, don ana iya mai da shi. Kowane minti yana da muhimmanci.

Wata Asabar da safe muna wanki a tsakar gida, ruwan sabulu ya kwashe ƙafar ƙanwata, ta buga baki a gefen rijiya. Da ta ɗago, jini na zuba, haƙorin gaba ɗaya babu. Mama ce ta tsince shi a ƙasa, dogo da saiwarsa. Ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Wannan masai za a jefa shi," in ji Mama. "Ba a barin haƙorin mutum a waje, kar ya faɗa hannun mugu. Ke kuma ki kuskure da ruwan gishiri, Litinin a je kemis."

Na ji ta sarai. Na san abin da ya kamata a yi. Na sunkuya na ci gaba da ɗauraya. Zani uku na ɗauraye, na matse, na shanya, ina ce wa kaina ai ni ba likita ba ce. Gaskiyar ita ce daɗi nake ji. Ina hango ƙanwata gobe Lahadi a layin baya, kusa da ni.

Sai ta fito daga ɗaki da madubi, ta buɗe baki ta duba. Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Binuwai, ta leƙo tana tambayar lafiya, sai ƙanwata ta yi maza ta rufe bakinta da hannu. Daidai yadda nake yi, har karkata kan. Shekara ashirin ina wannan abu, ban taɓa ganin yadda yake daga waje ba. Bai yi mini kyan gani ba ko kaɗan.

"Mama, ba ni haƙorin nan," na ce.

"Ki yi me da shi?"

"Ana mai da shi. Anti, don Allah kina da madara a firij?"

Mama ta kalle ni kamar na zare, amma ta kwance bakin zanin. Maƙwabciyar ta kawo madara a kofi, na tsoma shi ciki, na sa ƙanwata ta ciji ƙyalle mai tsabta, muka tari keke napep zuwa asibitin. Duk ramin da muka faɗa sai madarar ta fantsamo mini a siket.

Likitan da nake wa aiki bai ko amsa gaisuwata ba, ya tambaya tun yaushe haƙorin ya fita, kuma minti nawa ya yi a bushe. Na faɗi abin da bai kai gaskiya ba. Ya wanke shi, ya mai da shi gurbinsa, ya ɗaure da siririyar waya a jikin na kusa.

Haƙorin ya kama. Amma bayan shekara guda ya fara dushewa, ya yi ɗan duhu fiye da 'yan'uwansa. Sau biyu na tambayi likita ko da mun zo da wuri da bai canza launi ba. Ya ce hakan na faruwa ko an zo da gudu, ba wanda zai iya rantsewa. Karo na biyu ya tsaya yana kallona, ya ce me ya sa nake ta tambaya.

Har yau tana layin gaba. Mutane ma cewa suke ɗan duhun ya ƙara mata kyau, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan. A ranar bikinta ta karɓi makirfo ta nuna ni a gaban jama'a, ta ce, "Ga Yayata, ita ta ceci murmushina. Ko minti ɗaya ba ta ɓata ba."

Aka yi ta tafi. Na yi dariya, hannuna a kan baki.