Yatsuna Biyu da Dawakin Faransa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, amma duk na ga saƙonninku. Ina raye. Yatsun ƙafata biyu ne dai babu.

Kun san ina da ciwon suga. Ƙaya ce ta soke ni a gonarmu ta hanyar Tsauni, ban ma ji ba. Sai da wurin ya kumbura ya fara wari aka kai ni asibiti nan Matameye, su kuma suka tura mu Damagaram.

A can, kullum da safe a auna jini, a wanke ciwon, a rubuta allura. Allurar tsada gare ta, kuma a waje ake sayenta. Yaranmu suna aiko kuɗi daga Yamai ta hannun mahaifinsu, shi ke fita sayowa.

Maigidan nawa, Alhaji, ya haura saba'in. Tun da ya bar aikin gwamnati zama ya ishe shi, ya faɗa cikin tsofaffin nan masu cacar dawakin da ake tsere da su a Faransa. Na yi faɗa har na gaji. Ban taɓa zaton abin zai biyo mu asibiti ba.

Sai ya fita da hantsi, ya dawo bayan la'asar, ya ce maganin ya ƙare a farmasi. Washegari ya ce layi ne. Allurar kullum ta koma ta jefi-jefi, ƙafa tana yin baƙi ina kallo.

Likitar, yarinya sa'ar 'yata, ta tsaya a kaina ta ce, "Mama, maganin nan akwai shi a bakin ƙofa. Wa ke sayo miki?"

Matar da ke gadon kusa da ni ce ta ce mijinta yana ganin Alhaji kullum a rumfar 'yan caca, da biro a kunne.

Da Alhaji ya dawo na tambaye shi, bai musa ba. Wai so yake ya ci babba ya kai ni Kano a yi mini aiki mai kyau. Wai doki ɗaya ne ya ɓata masa lissafi. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai, don har zuciyarsa ya yarda taimakona yake yi.

Yayarsa ta zo dubiya, take ba ni haƙuri, wai kakansu ma karta ta raba shi da gonarsa farkon zuwan Nasara. Kamar hakan zai rage mini zogi.

Aka yanke yatsun. Likita ta ce da an ƙara jinkiri, ƙafar gaba ɗaya za a cire. 'Yata Hadiza ta taso ta karɓi sayen magani, ciwon ya fara kamewa.

Yanzu ina gida, ina takawa da sanda. Alhaji ya ce ya daina. Shi ke wanke mini ƙafar da safe, kansa a sunkuye. Ina ƙoƙarin yafe masa, ban kai ba tukuna.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da Hadiza, da ku masu addu'a.

Masu suga, ku riƙa duba tafin ƙafarku kullum, kada ku yi yawo ba takalmi. Masu tsofaffi a gida, ku nema musu abin yi, ku zauna hira da su. In kuma kun san mutum na caca, ko mahaifinku ne, kada ku damƙa masa kuɗin magani don jin nauyi. Ku je da kanku, ku ga allurar ta shiga jikin marar lafiya.