Ranar da Malam Ya Cire Gyaɗar Tanko

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa. Kowace kaka nakan tuna shi a raina, in dama fura in yi masa sadaka, in yi shiru. Bana kam shirun ya gagare ni, don abin murna ya shigo gidanmu a Dungas: an aiko mini da littafin labari daga Yamai, na Hausa, kuma wanda ya rubuta shi ɗan farina ne. Ku yi mini afuwa, ba zan faɗi sunansa ba. Ko a gida "wancan" nake ce masa.

Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, ƴan mata na ƙunshe dariya, ga shi na karanta littafin ɗana da idona, ba wanda ya karanta mini! Da yatsa na riƙa bin sa, sannu a hankali. Ranar da na fara har miya ta ƙone ban ji ƙauri ba.

Labarin wani gida ne na manoma, daga kaka har jikoki. Ya sake wa kowa suna, amma zabuwa ko an sake mata suna zanenta na nan. Kai, yaron nan yana da kunne! Hirar mata a bakin rijiya ya kwaso ta kamar yana cikin tulu. Inda ake matsar man gyaɗa kuwa, sai da na ji ƙamshin ƙuliƙuli. Da na karanta wa matan ajinmu wurin da tsohuwar gidan ke zagin jikanta, Hajjo maƙwabciyata ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi Iya ce! Ja'iri mai kan tulu! Allah ya jiƙan surukarki, yaron nan ya tono mana ita." Muka yi ta dariya har da hawaye.

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Da yaron cikin labarin ya isa lakkwal, makarantar boko, a Damagaram, sai littafin ya fara jan ƙafa, ga kalmomin nasara da sai na tambayi mushe, mai koyar da ajinmu. Ƙannensa mata kuma an bar su kamar turame, suna tsaye ba sa magana. A wani wuri ma ya sa an shuka gero a tsakiyar damina. Da Malam na raye, da ya kaɗa kai ya ce, "Karatu ya ci rabin kan mutanen nan." Amma na san daga baya zai ɗauki littafin ya je kasuwa da shi a aljihu, ko da bai iya karanta baƙi ɗaya na boko ba.

Waɗannan duk ƙanana ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wa jaridar nan shi ne uban cikin littafin. An yi shi dutse. Ba ya kiran ɗansa, ba ya duban sa. Ranar da yaro zai hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, uban ya saɓa hauya ya nufi gona bai waiwayo ba, yaron ya tafi yana cewa a ransa ba a son sa.

Ban ce ƙarya ya yi ba. Haka aka yi. Malam bai taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar. Idan yana son ya ba shi riga, sai ya ajiye ta a kan dangan gida ya ce, "A gaya wa mutanen gidan nan kada raɓa ta jiƙa kayansu." Yaro kuwa ba ya cin al'ada ya ƙoshi, abin da ya gani shi ya ji. Wannan zafin na gaskiya ne, kuma ya rubuta shi har na ajiye littafin na share ido. Sai dai shi bayan ubansa ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da ya faru bayan kamyon ya tashi. Lokacin cirar gyaɗa ne. Gonarmu na iyaka da ta Tanko, taubashin Malam, abokin wasansa tun suna yara, layin gamba ne kawai tsakani. Malam, mutumin da ko a rufe masa ido ya san kowane kututture na gonarsa, ya tsallake gamban nan bai sani ba, ya duƙa a gonar Tanko yana ta aiki. Tanko ya zo ya gan shi, ya samu inuwar gawo ya miƙe ƙafa. Sai da rana ta take, sannan ya yi gyaran murya.

"Sannu da aiki, bawana! Gobe ma ka zo, akwai wake."

Malam ya ɗaga kai ya dubi gabas ya dubi yamma. "Kai, ɗan banza, tun yaushe kake nan?"

"Tun kana kunya ta biyu."

"Me ya hana ka magana?"

"Wa ka taɓa gani ya kori gayya?"

Malam ya jefar da hauya ya zauna a ƙasa, can ya ce, "Tanko, ko yanzu sun wuce Magariya? Bai ɗauki bargo ba." Tanko da kansa ya ba ni labari, ya ce tunda yake bai taɓa rasa abin tsokanar Malam ba sai ran nan. Malam ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa yaron ba. Ni ce ban rantse ba.

Duniya ta sake tun bayan Malam. Bai ga shekarun farin nan ba, bai ga mata da allo da alli ba, bai ga ubannin yanzu da ke saɓa ɗan fari a kafaɗa har kasuwa ba. Ina jin da zai ce rashin ta ido ne, sannan ya yi ta satar kallonsu.

Littafi ya fi mutum daɗewa, shi ne murnata, shi ne kuma tsorona. Jikokinmu ba su san Malam ba, wanda ke cikin takarda za su sani. Ku nemi littafin nan ku karanta, yana da daɗi ƙwarai, ina alfahari da shi. Amma idan kun zo inda uban ya juya baya, ku sani ƙafarsa ce ta je gona, hankalinsa na cikin kamyo.

Kai kuma wancan, na san jaridar nan na zuwa hannunka. Bakina ba zai iya gaya maka wannan ido da ido ba, shi ya sa na koyi rubutu ashe. Ubanka ya so ka. Ka zo gida kakar nan in nuna maka kabarinsa da aka gyara, ka yi masa addu'a da zuciya sake.