Ƙuri'unmu Sun Hau Tirela

A mahautar Trans-Amadi akwai wani likitan dabbobi, haifaffen Fatakwal, gajere mai tumbi, wanda ya iya Hausa har da ashar. Shekarar da ya fito takarar kansila, bai bi manyan jam'iyyun nan biyu ba. Wata 'yar mitsitsiya ya shiga, wadda in ta kira taronta na ƙasa, keke-napep ɗaya zai kwashe su, har a nemi cikon fasinja.

Alkawarinsa ɗaya ne: zai hana a tashi zangon shanunmu a jefa mu bayan gari. Manyan kuwa ko sannu ba su taɓa ce mana ba. Muka rungume shi hannu bibbiyu. Ranar gangaminsa mahauta da dillalai da 'yan albasa suka cika fili, har na rantse na ga wani bijimi yana ɗaga masa ƙafa.

Likitan ya raɗa mini, "Alhaji, duk waɗannan suna da katin zaɓe?"

Na ce, "Dokita, kai dai je ka ɗinka babbar riga."

Kati kam muna da shi, a nan Fatakwal aka yi mana. Sai dai mu Hausawan kudu muna da wata al'ada: zaɓe na matsowa sai a ɗaure kaya a tafi gida, don in rigima ta tashi baƙo ake fara nema. Satin zaɓe, tirelolin da suka sauke shanu suka koma arewa maƙil da mutane, kowa da katinsa a aljihu, katin da ba ya aiki a Kano ko Sakkwato. Na tsaya bakin titi ina magiya. Wani tsohon dillali ya leƙo ya ce, "Kai sarkin surutu, wuyana ɗaya ne! Ce masa za mu taya shi da addu'a daga can."

Ranar zaɓe, layinmu bai kai na mai tsire ranar ruwan sama ba. Dokita ya sha kaye, da tazarar da tirela ɗaya za ta rufe.

Da ƙura ta lafa aka dawo, aka je yi masa jaje, ana ta cewa ai dama ƙaramar jam'iyya ba ta ci a ƙasar nan. Ya yi murmushi ya ce, "Ban ga laifinku ba. Ku kuna da wurin gudu, ni nan ne gidana."

Ba a rufa shekara ba katafila ta iso zango. Shi ya zo da sanda a hannu, ya taya mu korar shanu. Bai sake tsayawa takara ba, mu ma ba mu da idon da za mu ce ya tsaya.