Ludayin Kawu Alzuma

Duk wanda ya yi aiki da Kawu Alzuma a biron takardun haihuwa nan Filinge ya san ihunsa: "Kak ku taɓa ta!" Ƙanen uwata ne, ni kuma sakatariya, don haka na fi kowa shan ihun.

Wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, yake wa wannan gata. Ita ke riƙe da dosiyoyi duka, wato fayilolin mutane, injinan biyu da muke aiki da su ta rezo, wayar da ta haɗa su, suke ɗiba a wurinta. Ana tsakiyar aiki sai ta sume, allo ya yi baƙi, farin rubutu ya zubo. Kowa so yake a kashe a kunna. Kawu kuwa sai ya jawo kujera, ya kwafe rubutun layi-layi a littafinsa da guntun fensir, har da abin da kowa ke yi lokacin.

"Kawu, mutane na jira!"

"Su jira, ɗiyata. Wasiyya taka yi, ba ni katse ta."

Da shugaba ya ce a sayo sabuwa, Kawu cewa ya yi: "Kai ma ka tsuhwa, an yar da kai?"

Saura kwana huɗu a rufe rajistar jarrabawa, iyaye daga ƙauyukan Kurfai sun cika ƙofa, ta sume sau uku kafin azahar. Ɗalibin da bai samu takardar haihuwa ba, shekararsa ta tafi. Wallahi har na fara hawaye. Kawu ya baje littafinsa, ya gano layi ɗaya ke ta dawowa: duk sanda ni da abokiyar aikina Hajiya Rabi muka adana dosiye ɗaya a tare, sai ordinatar ta ruɗe can cikin zuciyarta.

Ya je gida, sai ga shi da ludayi.

"Wadda tar riƙe wanga ita ka rubutu."

Kai, mun sha dariya! Amma ba ta ƙara suma ba, kowa ya samu takardarsa. Da matarsa ta biyo ludayinta, ya ce mata ludayin ya shiga aikin gwamnati.

Bayan rasuwarsa wani masani daga Yamai ya karanta littafin, kafin hantsi ya gyara matsalar. Ya ce yana so ya gaisa da wanda ya rubuta. Na nuna masa kujerar Kawu, babu kowa a kai.

Har yau, kafin in adana dosiye, hannuna kan nemi ludayin. Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya sa wasiyyarka ma an ji ta daki-daki.