Ka Ji Ƙarar Inji Ta Bayan Katanga

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Yuni, 1961, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Iddrisu Fita, wato makanike, a gidansa da ke unguwar Sakasaka, bayan jinyar kwana tara. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da namu. Ni Azeta da girmana na koyi rubutu, Baba, kuma ban taɓa zaton da shi zan yi maka ban kwana ba.

Bara ɗana Imurana direba ya ga wuta tana yawan ɗaukewa, ga ƙanwarsa Hasanatu ta soma shirin jarrabawar makarantar ungozoma. Ya ce zai saya mana ƙaramin injin wuta a gwanjon tsofaffin kayan soja. Kai ka raka shi, domin tun yaƙin Bama kake gyaran irinsu. Shi wani mai sabon fenti ya so. Ka tsoma yatsa a baƙin mansa ka murza, ka sa aka tayar, ka dubi hayaƙin, ka wuce. Ka tsaya a kan wani mummuna mai lotsattsen tanki, ka ce masa, "Fenti za ka kai wa uwarka, ko haske?"

Ni mace ce mai fargaba, unguwa duk an sani. Wata magariba hadari ya haɗo, inji yana aiki a tsakar gida. Na ji tsoron kada ruwa ya lalata abin da ɗana ya sha wahala ya samo. Na ja shi cikin ɗaki yana aiki, na rufe ƙofa da taga, kamar yadda ake ɓoye jariri daga sanyi. Ba a jima ba Hasanatu ta ce kanta yana sarawa, ta kifa fuska a kan littafi. Ni ma jikina ya mutu. Na zaci gajiya ce.

Kana alwala a gidanka ka ji ƙarar injin ta shaƙe. Ka yar da buta, ka fito ba takalmi cikin ruwa, ka banke ƙofarmu, ka kashe shi, ka jawo mu waje. Sai ranar na san hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kashe mutum shiru, ba ihu.

Na rantse ba zan ƙara taɓa shi ba, na roƙe ka ka ɗauke shi. Ba ka yi mini faɗa ba, ba ka kuma gaya wa kowa ba. Washegari ka zo da kwanon rufi biyu ka kafa masa rumfa nesa da taga. Sa'an nan ka ce, "Uwar Hasanatu, ɗauko littafinki na ajin manya. Ni ban iya boko ba, yau ke ce malama." Kana faɗa ina rubutawa. Ba a tayar da shi a ɗaki, ko da ruwan sama ake. Ba a zuba fetur yana da zafi. A duba baƙin mai kafin a ja igiya. A goge fulogi idan ya yi baƙi. Layi bakwai ne, suka ci mu la'asar uku, ba ka taɓa cewa in yi sauri ba.

Duk da haka na kasa jan igiyar nan. Da na kama ta sai in ga fuskar 'yata a kan littafi. Wuta na ɗaukewa sai in buga katanga, ka zo. Sau ɗaya ka ce, "Ranar da ba na nan fa?" Na ce, "Ina za ka, Baba?" Ka yi dariya kawai.

Ranar addu'ar bakwai, ana idar da magariba, unguwa ta yi duhu. Jarrabawar Hasanatu saura kwana goma, Imurana yana hanyar Kumasi. Na ɗaga hannu zan buga katanga, sai na tuna. Na daɗe tsaye. Daga baya na ɗauko littafin da tocila, na durƙusa a rumfarka, na karanta maganarka layi layi. Na duba mai. Na ja igiya sau huɗu. A na biyar ya tashi.

Ƙwan lantarki biyu gare mu. Ɗaya na bar wa Hasanatu. Ɗayan na miƙa ta saman katanga, inda matarka Mma Sala take zaune cikin duhu da masu gaisuwa.

Allah ya jiƙanka, Baba Iddrisu, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mma Sala da 'ya'yanka Osman da Sidiki, da dukan jama'ar Sakasaka. Allah ya ba ku haƙuri, ya haskaka masa kabarinsa kamar yadda ya haskaka ɗakin 'yata. Amin.

Azeta, uwar Hasanatu
Sakasaka, Tamale